Igiyar da Kawu Ya Bari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Talata jim kaɗan bayan sallar asuba, amma ba a kai shi makwancinsa ba sai bayan azahar. Baƙin da suka iso da wuri sun yi ta duban rana suna ƙus-ƙus, don a wajenmu ba a barin gawa ta daɗe haka. Ba wanda ya tambaye ni dalili, ni ma ban faɗa ba, saboda kunya.

An zo ta'aziyya fiye da yadda muka zata. Daga Baure an zo, daga Babban Mutum an zo, har da wasu Fulani daga tsallaken iyaka da ban taɓa gani ba, suka durƙusa suka ce shi ya haƙa musu rijiyar da suke shayar da shanu. Kowa ya zauna a tabarma ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa," mu ce, "Da godiya." Mai Unguwa, wanda suka taso tare da Kawu tun suna kiwon awaki, ya zauna a gefe. Carbi kawai yake ja, yana kallon hanyar rijiya.

Gwaggo ce, yayar mahaifina, ta faɗi abin da ke bakin kowa. Ta aika a kira ni cikin gida, ta damƙe hannuna a gaban mata, ko gaisuwa ba ta bari na gama ba.

"Kai ɗan nan, to rijiyar fa?"

Inna ta ɗago da jajayen idanu ta ce, "Haba Yaya, ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba."

"Za ta bushe," in ji Gwaggo. "Mu ma maƙogwaronmu bushewa zai yi. Ni dai na tambaya, wa zai shiga?"

Yau kwana tara ke nan, kuma tambayar nan ce ta sa na ɗauki biro, don ina tsoron kada a manta da mutumin, kamar yadda muka so mu manta da aikinsa tun yana raye.

Ƙauyenmu rijiya ɗaya gare shi mai ruwan daɗi, tana gindin tsamiya, zurfinta gaba goma sha huɗu. An taɓa kafa mana famfon tuƙa-tuƙa, ya yi damina biyu ya mutu, yanzu jakuna ake ɗaurewa a jikinsa. Ita rijiyar kuwa kakan Kawu ne ya haƙa ta, kuma tun da na yi wayo Kawu ne ke yashe ta. Kowace bazara, in ruwa ya ja baya guga ya fara kwaso laka, Mai Unguwa zai sa a yi shelar gayya. Maza su taru da kwanduna, mata su dama fura, Kawu ya sauka ƙasa ya yi ta cika guga da yashi da laka ana janyewa, har idon ruwan ya buɗe. In ba a yi haka ba, rijiya toshewa take yi sannu a hankali.

Mutum ne gajere, mai faɗin kafaɗa, ba ya son surutu kuma ba ya son sauri. Kafin ya sauka sai ya kunna fitilar ƙwai, ya ɗaura mata siririyar igiya, ya zura ta har ƙasa. In ta ci gaba da ci, to iskar ciki lafiya. In ta mutu, ba mai shiga. Sai a saro rassan darbejiya masu ganye, a ɗaure, a yi ta zurawa ana janyewa har iska ta sauya. Samari kan ƙosa su ce, "Baba, rana na yi." Shi kuwa ya ce, "Rana ta yi ta yi. Fitila ce babba a nan, ba ni ba." In ya haƙa sabuwar rijiya ya bar ta ba a gama ba, ko ya ga bangon da ya yi rauni, sai ya kafa reshen ƙaya a wurin. Ƙayar Kawu kowa ya san ma'anarta, ko akuya ba ta isa ta ratsa ba.

Sau ɗaya na kai shi Daura ganin likitan ido, muka biya ta rijiyar Kusugu. Mutane na ta ɗaukar hoto ana ba su tarihi, Kawu kuwa ya leƙa ciki, ya shafa bakin rijiyar, ya kurɓi ruwan ya juya shi a baki. Da muka fito ya ce, "Wanda ya haƙa wannan ya san aikinsa. Amma ka gani, ita ɗaki guda aka gina mata, tamu ko murfi babu." Abin da ya ɗauko daga birnin Daura ke nan gaba ɗaya.

Akwai wata amaryar maƙwabtanmu, satinta biyu a gari, da gugan surukarta ya tsinke mata ya faɗa rijiya. Surukar nan kuwa kowa ya san bakinta. Kawu ya tarar da yarinyar tana kuka a gindin tsamiya, ya koma gida ya ɗauko ƙugiya, ya shafe rabin wuni yana lalube har ya ciro gugan. Ya ɗinke shi da robar taya, ya kai gidan da kansa, ya yi sallama ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, ni na ari guganku a hannun amarya, igiyar ta tsinke mini." Ranar ta'aziyya amaryar nan, wadda yanzu 'ya'yanta biyar, ita ta ba da labarin tana share hawaye. Mu 'yan gida sai ranar muka ji.

Allah bai ba Kawu ɗa namiji da ya rayu ba, 'ya'yansa mata suna gidajen aurensu. Don haka tun da na kai ƙarfi ni ne mai riƙe masa igiya. Igiya biyu ake sakawa. Ɗaya ta guga, kowa na iya ja. Ɗayar tana ɗaure a ƙugun wanda ya sauka, mutum ɗaya ke riƙe ta, sauran na tsaye bayansa. In Kawu ya fizga sau ɗaya, a janye guga. In ya fizga sau uku, a janye shi maza, iska ta ɓaci. Dokarsa guda ce: mai riƙe igiya ba ya magana da kowa, ba ya amsa sallama, ko ubansa ne ya zo. Yakan ce, "Kunnenka na tafin hannunka." Shekara goma sha ɗaya ina riƙe masa, ko bayan da na fara koyarwa a firamare a Baure, ranar yasa sai na dawo gida.

To ga inda na ɓata. Duk ƙauyenmu ba inda waya ke kamawa sai tudun nan na gindin tsamiya, shi ma sai an ɗaga hannu. Shekara uku da suka wuce, Kawu yana ƙasa, wayata ta yi ƙara a aljihu. Ina jiran kira daga ofishin ilimi a kan maganar ƙarin girma, wata guda ina jira. Na ce a raina, minti ɗaya ne. Na naɗe igiyar a ƙafata, na taka ta, na ɗaga wayar. Wallahi ban san ya fizga ba. Sai dai na ga hannunsa a bakin rijiya, ya hauro da kansa ta ramukan da ake taka ƙafa, leɓɓansa sun yi baƙi, yana numfashi da ƙyar. Ya kwanta a ƙasa ya daɗe. Da ya tashi, ya kwance igiyar daga ƙugunsa, ya zare ta daga ƙarƙashin ƙafata, ya naɗe.

Na ce, "Kawu, don Allah ka yi haƙuri, kira ne mai muhimmanci."

Ya ce, "Na gani. Sau uku na kira ka, Malam, ba ka ɗauka ba. Su kuma sau nawa suka kira?"

Bai taɓa ce mini Malam ba sai ranar. Ni kuma, maimakon in durƙusa, sai zuciya ta ɗebe ni a gaban mutane na ce, ai dama wannan wahalar ta kusa ƙarewa, zamani ya wuce mutum ya riƙa shiga rami kamar gafiya. Ya dube ni kawai ya saɓa igiyarsa ya tafi. Daga ranar muna gaisawa, ina kai masa goro, yana sa mini albarka, amma bai sake ba ni igiya ba.

Bayan daminar shekarar sai ga ma'aikata da motoci, suka fara haƙa dogon rami a gefen titi, ya biyo har mararrabar garinmu, ya ratsa ta, ya wuce taku arba'in daga rijiya. Suka sauke naɗaɗɗun bututu masu launin ruwan goro. Jama'a, wanda ya shekara yana shan wahala a bakin rijiya, in ya ga ana binne bututu me zai ce? Kafin magariba gari ya ɗauka cewa ruwan famfo ya zo. Mata suka yi guɗa. Gwaggo ta aika wa ma'aikatan da ƙwaryar fura, su kuma suka sha suka yi godiya, suka ci gaba da haƙansu. Wasu har sun fara shawarar inda za a kafa kan famfo.

Ni na sani. Na ji a rediyo, na kuma karanta, wayar intanet ce ake ja daga birni zuwa ƙauyuka. Amma na ja bakina na yi shiru. In an tambaye ni sai in ce, "Ci gaba ne dai, in wannan ya zo saura ma na tafe." Gaskiyar magana, daɗi nake ji a ga cewa maganata ta ranar nan ta tabbata. Ashe ramin kaina nake haƙawa.

Da bazara ta zo Mai Unguwa ya sa aka yi shelar gayya. Mutum biyar suka fito, uku tsofaffi. Samari suka ce wa zai kashe kansa a laka alhali ga famfo a bakin hanya? Kawu ya zauna da fitilarsa har rana ta take, ya ce, "Ba a fasa randa don an ga hadari." Aka yi dariya aka ce tsoho na kishin bututu. Ya tattara kayansa ya koma gida.

Ana nan sai manya suka zo ƙaddamar da aiki. Aka kafa rumfa a gindin tsamiya, wani jami'i mai farar shadda ya karɓi lasifika. Ya ce nan da shekara guda likita zai duba marar lafiyarmu daga birni ta waya, yaranmu za su yi karatu da malaman duniya, manomi zai san farashin gero a Kano yana zaune a gonarsa. Ni ne kan gaba wajen tafi. Sai Kawu ya miƙe, ya cire hularsa.

"Ranka ya daɗe, tambaya gare ni. Bututun nan, ruwa na bi ta ciki?"

Jami'in ya yi murmushi ya ce, "A'a Baba, haske ne ke bi ta ciki, mai ɗauke da bayanai."

Na ga Gwaggo ta saki baki.

Kawu ya ce, "To madalla. In likitan ya ce a sha magani ta wayar, da me za a kora?"

Wasu suka kwashe da dariya, jami'in ma ya dara, ya ce tsoho ya yi magana, kuma a kashi na biyu na aikin akwai burtsatse mai aiki da hasken rana, har da gyaran asibitinmu na sha-ka-tafi. Wannan kashi na biyun shi ya ƙarasa mu. Da ya ce babu ne, da washegari an fito gayya. Amma ya ce yana tafe, sai kowa ya koma ya zauna jira. Ni ba na ce intanet ba ta da amfani ba, malamin makaranta ne ni, na san abin da za ta yi wa yarana. Sai dai har yau ko ita ba mu gani ba. Bututu na kwance a ƙasa, waya kuma har gobe sai an hau tudun tsamiya.

Bazara biyu rijiya ba ta ga yasa ba. Bana tun kafin azumi guga ya fara dawowa rabi ruwa rabi laka. Mata kan kwana biyu suna jiran ruwa ya kwanta a randa kafin a sha. Yara suka fara gudawa. Masu amalanken shanu suka koma ɗebowa daga wani ƙauye mai tafiyar awa biyu, wanda ba shi da shanu kuwa sai abin da maƙwabci ya sam masa. Inna ta ce Kawu ya daina cin tuwon kirki. Kullum da safe sai ya je ya leƙa rijiyar, ya jefa tsakuwa, ya saurara.

Ranar wata Laraba ina makaranta a Baure, ashe ya kira Mai Unguwa ya ce ya zo ya riƙe masa igiya. Tsofaffi biyu, kowanne ya haura saba'in, da wasu magidanta uku da kunya ta kama. Ba wanda ya aiko mini. Mai Unguwa ya ce ya roƙe shi a jira ni, Kawu ya ce, "Bar shi, yana da aiki." Ya sauka tun hantsi, bai fito ba sai da rana ta raba, kuma guga bakwai kacal aka janye. Kowa ya yi mamaki, me ya zaunar da shi a cikin laka mai sanyi haka in ba yasa yake ba? Ya fito yana rawar sanyi a tsakiyar bazara.

Kwana biyu zazzaɓi da tari suka kwantar da shi. Aka je sha-ka-tafi, kwaɗo a ƙofa, ma'aikacin sai ranar kasuwa yake zuwa, in ya zo ma kwalin magani wayam. Na samo mota daga Baure, ta zo mararraba ta tsaya. Ramin bututun nan da aka mayar wa ƙasa sama-sama, damina biyu ta cinye shi ya zama kwazazzabo, ko babur sai an turo. A amalanke muka ɗauko Kawu zuwa titi, kansa a cinyata, rana na dukansa. A asibiti suka yi iya ƙoƙarinsu, suka ce ƙirjin ya riga ya cika, an makara. Ya ce a mayar da shi gida.

A hanya na ce, "Kawu, ka yafe mini."

Ya ce, "Tun ranar na yafe. Igiya ce ban ba ka ba, ba yafiya ba."

Yanzu bari in faɗi abin da ya jinkirta jana'iza. Da aka tashi yi masa wanka, aka zura guga a rijiyarsa, ya dawo da taɓo. Aka duba randunan gidan, na gidanmu, na maƙwabta, duk ja ne kamar kunun kanwa. Liman ya ce ba za a wanke Musulmi da wannan ba. Sai da aka ɗaura shanu aka tafi ƙauyen can, muka zauna awa huɗu da gawa a ɗaki muna jiran ruwa. Mutumin da ya shayar da garin nan shekara hamsin, da ruwan wani gari aka wanke shi. Wannan abu ya tsaya mini a rai, kuma ba na jin zai taɓa sauka.

Bayan addu'ar bakwai Inna ta kira ni ɗakinta. Ta janyo buhu daga ƙarƙashin gado, ga igiyar a naɗe, ga fitilar ƙwai.

"Ya ce a ba ka. Ya ce ba riƙewa za ka yi ba, sauka za ka yi."

Na ce, "Inna, ban taɓa sauka ba. Ban san inda idon yake ba. In na haƙa inda bai kamata ba bango ya rufto fa?"

Ta ce, "Ni ma haka na ce masa. Ya ce ya bar maka saƙo a ƙasa." Ta juya fuska bango, don ni kaɗai ne ɗanta namiji.

Jiya aka yi shela, yau da safe maza sun fi arba'in a gindin tsamiya. Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Na zura fitila, ta mutu. Aka saro darbejiya aka yi ta zurawa. Na sake zurawa, ta ci. Na ɗaura igiya a ƙugu, na sake ƙullin har sau biyu. Mai Unguwa ya karɓi bakin igiyar, ya sa ƙarfafa huɗu a bayansa. Gwaggo ta taho da ƙwarya, ta fara da ni.

"Kawo wayar."

Na ba ta. Ta bi mazan ɗaya bayan ɗaya ta karɓe nasu, ta kife wata ƙwaryar a kai, ta zauna ta rungume.

Na sauka ina karanta duk addu'ar da na iya. Ƙasa duhu ne da sanyi, laka har gwiwa, bakin rijiya ya koma kamar faifai a sama. Da idona ya saba, sai na gani. A bangon yamma an kafa rassan ƙaya uku, an danna su sosai. A gabas kuwa dagin Kawu ne a soke cikin laka, an ɗaura masa tsohuwar hularsa. Na gane. Ya san ba shi da ƙarfin yasa. Abin da ya zaunar da shi rabin wuni a cikin sanyin nan ke nan, yana lalube da hannu yana nemo mini inda zan haƙa da inda ba zan taɓa ba.

Na yi aiki har guga ashirin, sannan kuka ya ci ƙarfina, numfashina ya sarƙe. Na fizgi igiya sau uku. Kafin in saki ta ukun ƙafafuna sun bar ƙasa.

Ba mu gama ba. Gobe zan koma, jibi ma haka, kuma ban sani ba ko idon zai buɗe kafin ruwan sama, ko bangon yamma zai jira mu. Da yamma an zura guga, har yanzu ja ne. Inna ta zuba a kofi ta ajiye a bakin taga, kowane lokaci sai ta je ta duba ko ya kwanta.

Ya Allah, bawanka ya shayar da mu da gumin jikinsa, mu kuma muka kasa samo masa ruwan wanka a garinsa. Ka yafe mana, ka yafe masa, ka sanyaya kabarinsa, ka shayar da shi daga Alkausara, inda ba a jiran ruwa ya kwanta. Amin.